Aman Wuta Ta Tsagar Ƙasa: Yadda Magma Ke Fasa Wa Kanta Hanya

A ranar 16 ga Agusta 2014 ƙasa ta fara girgiza a ƙarƙashin Bardarbunga, wani dutse mai aman wuta da ke binne cikin ƙanƙarar Vatnajokull a ƙasar Aisilan. Girgizar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta fita daga ƙarƙashin dutsen ta yi kudu maso gabas, ta karya kwana ta miƙa arewa maso gabas, yau ta ci kilomita kaɗan, gobe ta cije, jibi ta zabura. Cikin mako biyu ta yi tafiyar kusan kilomita 48. Sai a can, a wani fili mai suna Holuhraun da ke wajen ƙanƙarar, ƙasa ta dare, wuta ta tashi a jere. Aman ya ɗauki wata shida, daga ƙarshen Agusta zuwa 27 ga Fabrairu 2015. Ya fitar da narkakken dutse kimanin kubik kilomita ɗaya da rabi, ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 85. Shi kuwa dutsen da kayan suka fito daga cikinsa, ba a ga wuta a ƙolinsa ba. Abin da ya same shi shi ne tsakiyarsa ta lotsa da mita 65.

Wannan shi ne aman tsaga. Wutar da ido ke gani a jere, bakin sama ne kawai na wani abu da ya faso dutse ya taho daga nesa, kuma duk tambayoyin da suka shafi rayukan mutane, wato ina za ta ɓullo, yaushe, da yawan abin da za ta fitar, amsarsu na wajen wannan abin da ke tafiya a ƙasa.

Cikin duniya ba tafkin wuta ba ne. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa dutse ne daskararre, mai tsananin zafi, wanda nauyin da ke kansa ya hana shi narkewa. A wuraren da wannan dutse ke tasowa sama a hankali, kamar inda farantan ɓawon ƙasa, wato manyan ɓangarorin da ɓawon ya kasu, ke rabuwa ko ƙarƙashin tsibiran Hawayi, matsin da ke kansa yana raguwa, sai wani kaso nasa ya narke. Abin da ya narke shi ne magma irin ta basalti, wadda ke zama baƙin dutse idan ta daskare: zafinta tsakanin digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, sinadarin silika, wanda ke sa magma kauri, a cikinta kusan rabi ne, saboda haka ruwa-ruwa take. Magmar da silikarta ya kai kashi 70 cikin ɗari ta fi ta sanyi, ta kuma ninka ta kauri sau dubbai ko fiye. Kusan duk manyan aman tsaga na basalti ne, dalilin kuwa zai fito nan gaba.

Magma tana tasowa ne domin ta fi dutsen da ke kewaye da ita rashin nauyi. Amma wannan tazara tana ƙarewa kafin a iso sama. Duwatsun da ke kilomita biyu ko uku na ƙarshe suna cike da ƙofofi da tsagogi, ba su fi magmar nauyi ba, wani lokaci ma ita ta fi su. Sai ta tsaya ta taru. A dutsen Kilauea na Hawayi akwai matattara kusan kilomita ɗaya zuwa biyu ƙarƙashin ƙoli da wata mafi girma a ƙasanta. A Svartsengi ta Aisilan magmar na taruwa ne a zurfin kilomita 4 zuwa 5. Duk lokacin da sabuwar magma ta shigo daga ƙasa, matattarar na kumbura, ƙasar da ke samanta na ɗagawa da milimita kaɗan a rana.

Dutse yana da ƙarfi wajen ɗaukar nauyi, amma rago ne idan aka ja shi. Ƙarfin da zai jure na dannawa ya ninka wanda zai jure na ja sau goma ko fiye. Ƙarin matsi na megafaskal kaɗan, wato ninkin matsin iskar da ke kanmu sau gommai, ya isa ya tsaga bangon matattara. Da zarar ya tsage, magma ta kutsa cikin tsagar, ta tura gefunanta biyu, ƙarfin turawar ya taru a bakin tsagar, bakin ya ƙara fashewa gaba, magma ta biyo. Kamar mai faskare ne: tsagar itacen kullum tana gaban bakin gatari, kuma tana bin layin da itacen ya fi sauƙin rabuwa.

Abin da ke samuwa ba bututu ba ne, katanga ce ta narkakken dutse a tsaye cikin ƙasa. Kaurinta yawanci mita ɗaya zuwa 'yan mitoci ne, tsayinta daga sama zuwa ƙasa kilomita da dama, tsawonta kuma na iya kai gomman kilomita. Inda ruwa da iska suka cinye tsofaffin duwatsu, ana ganin irin waɗannan katangu a daskare, ɗaruruwa a jere suna kallon gefe ɗaya.

Kallon gefe ɗayan nan shi ne gishirin maganar. Katanga tana buɗewa ne ta inda dutse ya fi sauƙin turuwa, wato ta gefen da matsin ƙasa ya fi rauni, ita kuma ta miƙe a gicciye da shi. A Aisilan farantan Arewacin Amurka da na Yureshiya suna rabuwa da kusan santimita 2 a shekara, ɗaya yamma ɗaya gabas, don haka tsagogin ƙasar ke miƙewa arewa da kudu ko arewa maso gabas. A Kilauea kuwa babu farantan da ke rabuwa. Gefen kudu na dutsen ne ke zamewa zuwa teku a hankali, ya bar layuka biyu masu rauni, ɗaya gabas ɗaya kudu maso yamma, kuma nan magma ke bi. A tsaunuka masu tsini irin Etna na Italiya, nauyin tsaunin kansa yana sa tsagogi da yawa su watsu daga tsakiya zuwa gefuna. Wanda ya san yadda ƙasar wuri ke jan kanta zai iya zana layin da tsaga za ta bi tun kafin ta zo. Abin da ba zai iya nunawa da yatsa ba shi ne wane yanki na layin.

To, me ya sa magma za ta yi tafiyar kilomita 40 a kwance alhali sama na kusa? Abu biyu ne. Na farko shi ne wanda aka ambata: a zurfin da nauyinta ya yi daidai da na dutse, ba abin da ke ɗaga ta, don haka yaɗuwa gefe ya fi mata sauƙi. Na biyu shi ne nauyin tsaunin da ke danne da matattarar. Ƙarƙashin ƙoli matsi ya fi yawa, can gefe inda ƙasa ta gangara matsi ya ragu, sai katangar ta bi gangare. Tana tafiya a zurfi kusan ɗaya, ƙasar da ke samanta na ƙara kwantawa, har bakinta na sama ya haɗu da fili. Haka aka yi a Kilauea a 2018. Ramin Puu Oo da ke gefen gabas na dutsen ya rufta a ranar 30 ga Afrilu, magma ta gangara gabas, a ranar 3 ga Mayu ƙasa ta dare a tsakiyar unguwar Leilani, kusan kilomita 40 daga ƙoli. Tsagogi 24 suka buɗe, gidaje fiye da 700 suka salwanta. A can ƙolin, matattarar da ake zuƙewa ta riƙa ruftawa kusan kullum, sau 62, kowace ruftawa da girgiza mai ƙarfin kimanin maki 5. Kowace ruftawa kuma tana danna magmar da ta rage, bayan 'yan sa'o'i a ga kwarara ta ƙaru a can ƙasa. Tsaunin ya zama mai tura kayansa da nauyin kansa, shi ya sa irin wannan aman ke fitar da abin da ya wuce misali.

Duk wannan tafiya tsere ne da sanyi. Magma mai digiri 1,150 tana ratsa dutsen da ya fi ta sanyi nesa ba kusa ba, gefunanta suna daskarewa tun daga mintin farko. Lissafin a nan ba shi da tausayi. Lokacin da katanga ke ɗauka ta daskare yana tafiya da kaurinta sau kaurinta: mai kaurin mita ɗaya, idan ta tsaya cik, za ta daskare cikin 'yan kwanaki, mai santimita 10 kuwa ba za ta wuce kimanin awa ɗaya ba. Yawan magmar da ke wucewa ta cikin tsaga kuma yana tafiya da faɗinta sau faɗinta sau faɗinta: idan faɗi ya ninka biyu, kwarara ta ninka takwas. Nan ne dalilin da ya sa basalti ke cin wannan tsere. Magma mai kauri ba ta iya gudu cikin siririyar tsaga, sanyi zai kama ta a hanya, sai dai idan tsagar ta yi faɗi ƙwarai. Ita kuwa mai ruwa-ruwa tana iya ci gaba da kilomita ɗaya ko fiye a awa. A daren 10 ga Nuwamba 2023, katangar da ta ratsa ƙarƙashin garin Grindavik na Aisilan ta kai tsawon kilomita 15 cikin 'yan sa'o'i, kuma an ƙiyasta cewa a ƙololuwar lamarin magma na shiga cikinta da fiye da kubik mita 7,000 a daƙiƙa.

Amma ba ta fito ba. Wannan ne abin da labaran aman wuta ba su cika faɗa ba: katangu da yawa suna mutuwa a ƙasa. Wata ta ci karo da shimfiɗar dutse mai tauri a kan mai laushi, sai ta kasa ratsawa, ta kwanta ta bi tsakanin shimfiɗun. Wata matsin matattararta ya faɗi kafin ta iso, domin duk tsawon da ta ƙara, magmar da ta cike shi daga matattarar aka ɗebo. Wata kuma ta shiga yankin da wata katanga ta riga ta cike a baya, ta tarar da dutse a matse. Tsayawar da katangar Bardarbunga ta yi na kusan kwana uku a tsakiyar tafiyarta irin wannan ce: ta iso wani shinge, ta jira matsi ya taru a bayanta, sannan ta fasa. A Dabbahu, yankin Afar na Habasha, a Satumba 2005 katanga mai tsawon kilomita 60 ta buɗe ƙasa har mita 8 a wasu wurare, ta haɗiye magma kusan kubik kilomita biyu da rabi, amma abin da ya fito fili ɗan ƙaramin aman toka ne a gefe ɗaya.

Masu sa ido suna bin wannan tafiya da alamu uku. Ƙananan girgizar ƙasa suna taruwa a bakin katangar inda dutse ke fashewa, don haka idan aka jera su bisa lokaci za a ga hanyar da ta bi da saurinta. Na'urorin GPS da ke gefe biyu suna nuna ƙasa na rabuwa, waɗanda ke kan matattara kuma suna nuna kumburin ya koma saɓewa farat ɗaya. Hotunan radar daga tauraron ɗan'adam suna ba da taswirar motsin gaba ɗaya: gefuna biyu sun ɗaga sun yi waje, tsakiyar da ke daidai saman katangar ta lotsa, ta zama kwari mai tsagogi a hagu da dama. Faɗin wannan kwari yana da amfani, domin idan bakin katangar ya matso sama kwarin kan yi ƙunci. Akwai tarko guda a cikin karanta girgiza. Kusa da fili duwatsu sun riga sun farfashe, ba sa ƙara idan magma ta ratsa su, don haka kilomita na ƙarshe na iya zama shiru. Wanda ya ɗauki shirun nan a matsayin lafawa zai iya yin kuskure mai tsada.

A 'yan ɗaruruwan mitoci na ƙarshe iskar gas ce ke karɓar ragama. Magma tana ɗauke da ruwa da iskar kabon da farar wuta a narke cikinta. Kabon yana fara fita tun a zurfi, ruwa da farar wuta sai an kusa sama. Da matsi ya ragu, kumfa ta tashi, magmar ta yi sauƙi, ta ƙara gudu, matsi ya ƙara raguwa, kumfa ta ƙaru. Abin da ya taho a matsayin ruwa mai ɗan gas sai ya fito a matsayin gas mai ɗauke da ɗigon narkakken dutse. Shi ne labulen wutar da ake gani a sa'o'in farko, tsawon tsagar gaba ɗaya tana feshi. Tsagar da ta buɗe a Sundhnukur, kusa da Grindavik, ranar 18 ga Disamba 2023 ta kai kusan kilomita 4 cikin ɗan lokaci. Ba ta cika zuwa a miƙe sambal ba, gutsi-gutsi take zuwa, kowane gutsi ya ɗan goce daga na gabansa, domin bakin katangar yana rarrabuwa ya murɗe yayin da yake shiga duwatsun sama.

Labulen ba ya daɗewa, kuma lissafin nan na faɗin tsaga da yawan kwarara shi ke kashe shi. Babu tsagar da faɗinta yake daidai ko'ina. Inda ta yi ƙunci kwarara kaɗan ce, zafin da ke shigowa bai kai wanda ke fita ba, sai gefuna su daskare, ta ƙara ƙunci, ta toshe. Inda ta yi faɗi kwarara na da yawa, zafi na riƙe hanyar a buɗe, har yakan ci bangon ya ƙara faɗaɗa ta, sannan magmar da aka hana fita a can ta dawo nan. Cikin sa'o'i ko kwanaki, tsagar kilomita da dama ta koma baki uku, ta koma biyu, ta koma ɗaya, tartsatsin da ke zubowa ya gina tudu kewaye da shi. A tsibirin Heimaey na Aisilan a 23 ga Janairu 1973 tsaga ta buɗe a gefen gari, aka kwashe mutane fiye da 5,000 a jiragen kamun kifi a daren, kafin 'yan kwanaki aman ya tattaru wuri guda inda tudun Eldfell ya tashi. A Kilauea tsaga ta takwas ce ta gaji sauran. Ga mai shirin kare gari, wannan matakin ne ya fi muhimmanci, domin sai an san bakin da ya rayu sannan za a san gangaren da kwarara za ta bi na makonni ko watanni. Shingayen ƙasa da aka gina a arewacin Grindavik sun karkatar da kwarara sau da yawa, amma a 14 ga Janairu 2024 wata ƙaramar tsaga ta buɗe a cikin shingen, ta ƙone gidaje uku. Shinge yana tare abin da ke gudu a kan ƙasa ne kawai.

Ana yawan kiran aman tsaga mai sauƙin hali domin ba ya tarwatsa tsauni. A ganina wannan suna ya yi masa sassauci da yawa. Idan katanga ta haɗu da ruwa, labari ya canza. A Tarawera ta Niyuzilan a 10 ga Yuni 1886, basalti ya fasa tsaga mai tsawon kilomita 17, ya ratsa tafki da maɓuɓɓugan ruwan zafi, ya binne ƙauyuka, mutane fiye da ɗari suka mutu. A 1996 tsagar Gjalp ta buɗe ƙarƙashin ƙanƙarar Vatnajokull, ruwan da ya narke ya taru na makonni, a farkon Nuwamba ya ɓalle ya kwashe gadoji. Idan kuma tsaunin na riƙe da tafkin narkakken dutse a ƙolinsa, kamar Nyiragongo a gabashin Kwango, tsaga a gefe tana zuƙe tafkin ne kai tsaye. Magmar wannan dutse silikarta kaɗan ne ƙwarai, gudu take yi a gangare. A 17 ga Janairu 2002 tsagogi suka miƙa kudu har bakin Goma, kwarara ta ratsa tsakiyar birnin ta shiga tafkin Kivu, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka Ruwanda. A 22 ga Mayu 2021 ya sake, kusan ba tare da gargaɗi ba, kuma bayan wutar ta lafa katangar ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin birnin zuwa tafkin, abin da ya sa aka kwashe unguwanni bayan kwana biyar.

Mafi muni kuma ba ya buƙatar kwarara ta taɓa kowa. Laki, a kudancin Aisilan, ta fara a 8 ga Yuni 1783 ta yi wata takwas. Tsagogi goma suka buɗe ɗaya bayan ɗaya a kan layi mai tsawon kilomita 27, suka bar ramuka kusan 130, suka fitar da narkakken dutse kusan kubik kilomita 15 da iskar farar wuta kimanin tan miliyan 120. Sinadarin fulorin ya sauka a kan ciyawa, fiye da rabin dabbobin ƙasar suka mutu, yunwar da ta biyo baya ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen. Hazon ya lulluɓe Turai a bazarar shekarar. Magma mai ruwa-ruwa tana sakin gas ɗinta cikin sauƙi, kuma aman da ya ɗauki watanni yana zuba shi ƙasa-ƙasa, inda mutane da dabbobi ke shaƙa.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai bin waɗannan al'amura ya riƙe shi ne ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Farantai na rabuwa kullum, amma ɓawon ƙasa ba ya buɗewa kullum. Ja yana taruwa na ɗaruruwan shekaru, sannan a biya shi cikin 'yan shekaru. A Krafla, arewacin Aisilan, daga 1975 zuwa 1984 matattara ta cika ta fashe kusan sau ashirin, tara daga ciki ne kawai suka kai ga aman wuta. A shekarun farko ƙasa a jaye take, akwai wurin zuba magma a ƙarƙashi, don haka katangu suka yi nisa suka mutu a can. Da kowace katanga ta cike gurbi, jan ya ragu, wurin ajiya ya ƙare, sai magmar ta fara neman sama. Daga 1980 aman ya yawaita, na Satumba 1984 shi ne mafi girma. Irin wannan tsari aka gani a Grindavik: babbar katangar Nuwamba 2023 ta cinye jan da ya taru ba tare da ta fito ba, waɗanda suka biyo bayanta ƙanana ne amma suna fitowa, kuma da yake hanya ta riga ta fashe, ba sa yin dogon gargaɗi. A 18 ga Disamba tsakanin fara girgiza da fitowar wuta awa ɗaya ne da ɗoriya. A 8 ga Fabrairu 2024 kusan rabin awa ne, kuma kafin azahar kwarara ta yanke bututun ruwan zafin da ke ɗumama gidajen yankin.